Hoton Inna da Ba a Ɗauka Ba

Mijina mai hoto ne, ko kuma in ce a da mai hoto ne. Lokacin da aka kawo ni gidansa a Gaya yana da ɗan shago kusa da tasha, ɗaki guda mai shuɗin labule a bango da kujerar roba ta masu hoton fasfo. Ni kuma malamar firamare ce, Turanci nake koyarwa. Shi bokonsa bai yi nisa ba, yana iya karatu amma dogon rubutun Turanci yana gajiyar da shi. Wannan ne ya sa mujallun hoto suka zama aikinmu mu biyu.

A Kano yake samo su, wajen wani dattijo da ke shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi. Duk ranar da ya shiga birni wankin hotunan biki, sai ya dawo da ɗaya ko biyu a jaka. Ba sababbi ba ne. Wasu sun yi wata shida da fitowa, wasu shekara, wasu an yage musu bango. Takardarsu santsi gare ta, ga wani ƙamshi da har yau ban ji irinsa a wani littafi ba. Bayan la'asar, in na ɗora tukunya, sai mu zauna a tabarma a ƙofar ɗaki. Shi ya riƙe mujallar yana kallon hotuna, ni kuma in leƙa ta kafaɗarsa ina karanta rubutun ina mayar masa da Hausa.

"Malama, me suka ce a ƙarƙashin wannan?"

"Sun ce mutumin ya jira kwana huɗu kafin hasken ya yi yadda yake so."

"Kwana huɗu! Wannan ba shi da iyali."

Kalmomi da yawa ban san su ba, domin ba irin Turancin da nake koya wa 'yan aji biyar ba ne. Sai in faɗi abin da na fahimta, shi kuma ya gane sauran daga hoton, wani lokaci ma shi ne ke gyara mini fassarar. Daga nan ya koyi ajiye mutum kusa da taga maimakon ya watsa masa filashi a fuska. Daga nan ya koyi durƙusawa in zai ɗauki tsoho a zaune. Mutane suka fara cewa hotonsa daban ne, amma ba su san dalili ba.

A cikin mujallun nan ya fara ganin babbar kyamarar da ake ce wa DSLR, ya ƙwallafa rai a kanta. Sai da ya yi kiwon bijimi ya sayar, ya haɗa da gyaɗar da ya noma a gonar gidansu, sannan ya sayi ta hannu. Ranar da ya kawo ta ko abinci bai ci ba. Ya cire gilashin gaban ya ce in leƙa. Can ciki na ga wani ɗan madubi a karkace, bai fi faɗin akwatin ashana ba.

"Kin gan shi? Shi ne yake ɗauko abin da ke gabana ya kawo mini ido. In na danna sai ya ɗaga, hoton ya shiga, ya dawo wurinsa. Abin da nake gani ta nan shi ne ainihin abin, ba ƙari ba ragi."

Ya danna, ta ce ƙwas. Shekara da shekaru na zauna da wannan ƙarar. In ana biki a unguwa, daga cikin gida nakan gane ko shi aka kira.

Ban iya tuna watan da abin ya fara canzawa ba, don a hankali ya zo. Sai dai muka fara ganin wasu ƙananan kyamarori a bangon mujallun, sirara, kamar an matse tasa. Da Turanci suna ce musu mirrorless, ni kuma na fassara masa da "mara madubi", sunan da ya bi su a gidanmu ke nan. A cikinsu babu madubin nan da ya nuna mini. In ka sa ido, wani ɗan allo kake kallo mai kama da ƙaramar talabijin. Suka ce ba ta da nauyi, tana iya ɗauka ba tare da ƙara ba, kuma da kanta take neman idon mutum ta tsaya a kai.

Dariya ya yi. "To mai hoton kuma me zai yi? Ya riƙe mata lema?"

Mujallar da ta biyo baya ta sake maganar, haka ma ta bayanta. Wata ta tambaya a bangonta da manyan baƙaƙe ko zamanin masu madubi ya ƙare. A shafukan ƙarshe, inda shaguna ke tallan kayan hannu, sai ga irin tasa an jera su layi-layi, mutanen can suna ta rabuwa da su. Ya daina dariyar. Yakan daɗe a kan waɗannan shafukan, ba ya tambayata komai, don ba ya buƙatar fassara.

Ni kuma sai na fara yi masa ƙwange. In na zo wurin da aka ce kamfanoni sun rage ƙera irin tasa, ko sun daina fito mata da sababbin gilasai, sai in tsallake. Ran nan ya ɗora yatsa a kan wani sakin layi.

"Wannan dogon duka, kalma biyar kika ba ni."

"Surutu ne kawai, Malam."

"Karanta mini surutun."

Na karanta. Ya saurara har ƙarshe, ya rufe mujallar, ya ce bari ya je masallaci, alhali da saura kafin magariba.

Su ma mujallun ba su tsira ba. Suka riƙa ramewa, shafuka suna raguwa, takardar ta daina santsi. Daga baya dattijon nan na Kano ya ce masa masu kawo su sun daina, wai yanzu kowa a waya yake karatunsa. Ta ƙarshe da ya kawo ma mun riga mun taɓa karanta ta, ya sani, ya saya dai don kada ya dawo hannu wofi.

Aiki ma ya ja baya. A wajen suna da walima, kowa sai ya ɗaga wayarsa. Masu hali kuma in za su aurar da 'ya sai su ɗauko masu hoto daga Kano. Akwai wani abokinsa a Ajingi, sa'ansa ne, tare suka koyi sana'ar a hannun mutum ɗaya. Shi wannan bai ɓata lokaci ba, ya sayar da tsohuwar tasa tun tana da daraja ya sayi mara madubi, ya koma haɗa hoto da bidiyo. Ba su ɓata ba, amma zumuncin ya yi sanyi. Mijina ya ci gaba da fasfo da hotunan 'yan makaranta.

Duk wannan da sauƙi, da a nan abin ya tsaya.

Mahaifiyarsa, wadda dukkanmu muke ce wa Inna, tana zaune a Gafasa a gidan da ta haife su. Shi ne ɗanta na fari, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba. In ya shigo gaishe ta, gefe take kallo ta amsa. In tana da saƙo, ni take ba, ko da yana zaune a wurin. "Ki ce wa mutumin naki," haka take farawa. Saboda haka maganar ta zauna ya saita ta da kyamara, ta dube shi ido cikin ido, ba ta ma taso ba. Ya ɗauki kusan kowa a garin, masu unguwa da amare da 'yan kasuwa da makiyaya da shanunsu, amma da zarar ta ga ya rataya jakar nan sai ta shige ɗaki. Sau ɗaya ya yi niyyar ɗaukarta a ɓoye tana sheƙar gero, sai ya fasa. Ya ce ƙarar za ta tona shi, kuma ko ba ta tona shi ba, ba zai saci hoton uwarsa ba.

Wata damina Inna ta kwanta ciwo. Ƙafafunta suka kumbura, numfashi yana yi mata wuya. Aka kai ta asibiti aka dawo da ita da magunguna, ta ɗan samu sauƙi har tana fitowa tsakar gida. Na je duba ta ni kaɗai wata Asabar, ina matsa mata ƙafa, sai ta ce ba tare da ta dube ni ba:

"'Yar nan, ki ce wa mutumin naki ya zo da abin nan nasa ranar Juma'a."

Ban gane ba. "Wane abu, Inna?"

"Abin da yake ɗaukar mutane. Yaran ƙanwarsa da ke birni ba su san ni sosai ba. A bar musu wani abu."

Da na gaya masa, sai ya zauna a bakin gado. Daga nan har Juma'a bai yi wani aikin kirki ba. Ya goge gilasai, ya yi cajin batir biyu, ya fito da tsofaffin mujallun ya ware waɗanda ke da hotunan tsofaffi, ya sa na sake karanta masa yadda aka yi su. Ya ce da hantsi za mu isa, kafin rana ta yi tsaye, zai zaunar da ita a gefen rumbu inda hasken ke zuwa ta gefe.

Muka hau babur da safe. Gero ya fitar da kai a gonaki dama da hagu, hanyar duk taɓo, sau biyu ina sauka yana tura babur ɗin. Muka tarar Inna ta riga ta shirya. Ta ɗaura atamfar da ta ajiye a ƙasan akwati tun bikin autarta, ta sa kwalli, an yi mata lalle a tafin hannu. Ta rame ƙwarai, ɗankwalin har ya yi mata yawa. Matan gidan suka taru a bakin madafi suna kallo suna rufe baki. Na kama ta ta zauna a tabarmar da ya shimfiɗa.

Ya durƙusa a gabanta, ya ɗaga kyamarar. Kanta na sunkuye. Ya ce mini, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Malama, ki ce ta ɗago kaɗan."

Kafin in buɗe baki Inna ta ɗago da kanta ta dube shi. Tunda nake a gidan ban taɓa ganin ta yi masa irin wannan kallon ba. Ya danna.

Ƙarar ba ta cika ba. Rabi ta yi ta tsaya. Ya cire idonsa, ya sake sawa, ya dubi bayan kyamarar. Wani rubutu ya fito a allon, ya miƙo mini na karanta, cewa yake a kashe a sake kunnawa. Ya kashe ya kunna. Ya cire batir ya sa ɗayan. Ya cire gilashin ya leƙa, sai ga madubin a maƙale a sama, ya ɗaga bai dawo ba. Ya taɓa shi da ɗan yatsa a hankali, ya hura, ya girgiza. Ya duba ko hoton ya shiga, babu komai. Gumi ya jiƙe masa riga. Inna tana zaune tana jira, hannayenta a kan gwiwa, har ta fara haki.

Wayata tana cikin jakata, kuma tana ɗaukar hoto mai kyau daidai gwargwado. Na sa hannu na riƙe ta. Ina jin ta a tafin hannuna, amma ban fito da ita ba. Na san abin da yake faɗa kan hoton waya, na san wayoyin nan ne suka kashe masa kasuwa, ga matan gida suna kallo. Na ga kamar in na fito da ita na tozarta shi a gaban uwarsa, a rana ɗaya tak da ta yarda ta dube shi. Na ce a raina ai sati ɗaya ne, a gyara mu dawo.

Inna ce ta kawo ƙarshen abin. Ta mayar da kanta gefe kamar yadda ta saba.

"Ki ce masa ba komai. In ya gyara ya dawo, ina nan."

Washegari ya kai kyamarar Kano wajen mai gyara. Mai gyaran ya buɗe ya ce wani ɗan ƙarfe ne da ke ɗaga madubin ya karye, kuma sabonsa ba ya zuwa yanzu, sai dai a jira a samu wata matacciyar kyamara irinta a cire. Ya ce a ba shi sati biyu. Sati biyu suka wuce, ya ce an samu wata a Legas, ana hanya. Da ta iso kuma ba irinta ba ce.

A cikin haka abokin nan nasa na Ajingi ya ji labari, ya zo har gida da jakarsa. Ina ɗaki ina jin su a zaure. Ya ce ga tasa, ya riƙe kwana biyu ko uku, in ma yana so shi zai raka shi ya saita masa, dannawa kawai zai yi. Mijina ya yi godiya sosai, ya ce an kusa gama gyaran tasa. Abokin ya nace, shi kuma ya ƙi. Da baƙon ya tafi na kasa haƙuri.

"Malam, don Allah me zai hana ka karɓa?"

"Ban san ta ba. Ban san inda komai yake a jikinta ba."

"Ya ce zai saita maka."

"Shi ya saita, ita ta nemo idon, ni kuma in danna? To wa ya ɗauki hoton?" Sannan ya ce, "Shekara nawa ina jiran ranar nan. Da tawa zan ɗauke ta, ina ganinta da idona."

"Jikinta fa ba ya jira."

"Allah ne mai rai da mutuwa, Malama."

Na ce haka ne, na bar maganar. Sau biyu na sake zuwa Gafasa a makonnin nan, da wayar a jaka. Amma na tarar da ita a kwance, ba kwalli, fuska ta kumbura, ga kwanon tofi a gefe. Na san ba haka take so jikokinta su gan ta ba. Ban tambaye ta ba, ita ma ba ta sake tayar da zancen ba.

Ranar wata Talata da safe, ina ɗaura mayafi zan tafi makaranta, ƙaninsa ya kira. An fara yankan gero a lokacin. Kafin azahar an kai Inna makwancinta.

Bayan sadakar bakwai da kwana biyu mai gyara ya bugo waya yana murna, ya ce an samu, kyamara ta tashi kamar sabuwa. Mijina ya ce to, ya gode. Sai da ya yi kusan wata bai je karɓowa ba. Da ya kawo ta ya ɗan ci gaba da buɗe shago, amma rabin yini yake yi ya rufe. In an kira shi biki sai ya ce a nemi abokinsa na Ajingi. Kafin damina ta zagayo ya mayar wa mai shagon mabuɗinsa, ya karɓi gonar Inna, ya koma noma gaba ɗaya. Kyamarar ya kai ta Kano zai sayar, abin da aka taya bai kai kuɗin tunkiya ba, sai ya dawo da ita ya sa a saman kwaba. Mujallun kuma ya ce in kwashe su in kai makaranta ko yara za su amfana. Na kai, malaman suka yanka hotunan tsuntsaye da duwatsu suka manna a bangon aji.

Bai taɓa cewa laifinsa ne ba, ni ma ban taɓa gaya masa hannuna na kan waya a ranar ba. Wataƙila ya gani. Yana da ido, ba abin da ke wuce shi a wuri. Muna zaune lafiya, ba faɗa, sai dai bayan la'asar kowa da abin da yake yi.

Bara da Babbar Sallah ƙanwarsa ta zo daga birni da 'ya'yanta. Bayan an ci abinci ta buɗe jaka ta fito da wani kati a cikin leda. Katin zaɓen Inna ne, ta tsince shi a cikin kayanta lokacin rabo. A kusurwarsa akwai hoto ɗan ƙarami kamar kan ɗan yatsa, wanda ma'aikatan rajista suka ɗauka a gurguje a wata makaranta. Hasken ya cinye rabin fuskar, idanun a lumshe.

"Yaya, ko za a iya ƙara masa girma? In sa a firam."

Ya karɓa ya fita tsakar gida inda haske yake, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce in ba shi wayata. Ya kwantar da katin a kan turmi, ya kare shi da jikinsa daga rana, ya ɗauka sau uku ko huɗu. Ya sa yatsu biyu ya buɗe hoton a allon. Yana buɗewa fuskar tana wargajewa, har ta koma ɗigo-ɗigo, ba hanci ba baki.

Babbar 'yar ƙanwar tasa, wadda ta kusa gama sakandare, ta leƙa ta ce, "Kawu, haka take?"

"A'a," ya ce. "Ba haka take ba."

Ya miƙo mini wayar, ya mayar da katin cikin ledarsa ya ba ƙanwar. Ya ce mata ta adana shi yadda yake, kada ta kai wa kowa ya ce zai gyara da kwamfuta, wata tsohuwar daban za su zana mata. Daga nan ya ɗauki buta ya fita.